Rautar Gida, Wayar Intanet da Ma'ajiyar Fayiloli: Inda Matsala Ke Tasowa da Yadda Ake Gano Ta

A 'yan shekarun nan, ƙaramin akwatin nan mai fitilu da ake kira rauta, wato na'urar da ke karɓo intanet daga kamfanin sadarwa ta rarraba shi ga wayoyi da kwamfutoci, ya shiga sahun kayan da ake gani a falon gidaje da shaguna da ƙananan ofisoshi a kusan kowane babban gari. Muddin aikin rautar bai wuce buɗe shafuka da kallon bidiyo ba, ba kasafai ake jin kanta ba, amma da zarar an jona mata wayar intanet da ma'ajiyar fayiloli sai ƙorafe-ƙorafe su kunno kai: waya ta yi ƙara amma idan aka ɗaga ba a jin mai kira, ko murya ta riƙa tsinkewa daidai lokacin da wani ke ɗora hotuna, ko ma'ajiyar da aka buɗe jiya lafiya lau a wayi gari kwamfuta ta ce ba ta san da ita ba.

Abin da aka saba ji a irin wannan hali shi ne sabis ba kyau, daga nan a ɗora laifi kan kamfani ko a tafi kasuwa a sayo sabuwar rauta, sau da yawa kuma matsalar ta dawo kafin mako ya zagayo. Dalili shi ne, kaso mai yawa na waɗannan matsaloli a cikin gidan suke tasowa, kuma tushensu shi ne an ɗora wa akwati guda hidimar na'urori biyu da buƙatunsu suka yi hannun riga.

Akwati ɗaya, ayyuka da yawa

Abin da jama'a ke kira rauta a zahiri na'urori ne da dama aka haɗa wuri guda. Akwai modem, wanda ke magana da kamfanin sadarwa ta layin sim ko kebul ɗin faiba ko farantin tauraron ɗan'adam, akwai sashen rediyo mai watsa Wi-Fi, akwai ramukan baya da ake soka kebul, sannan akwai manhajar ciki mai raba adireshi da tsaron shige da fice. Kowane sashe na iya rikicewa shi kaɗai alhali fitilun gaba na ci gaba da haske, shi ya sa ganin koriyar fitila ba ya zama hujjar cewa komai lafiya.

Batun adireshi shi ya fi buƙatar bayani, domin a nan yawancin rikicin yake kwance. Kowace na'ura da ke kan intanet tana buƙatar lambar da za a gane ta da ita, wadda ake kira adireshin IP, kuma tsarin da aka fi amfani da shi har yau, IPv4, an fitar da shi ne tun 1981, da adireshi kimanin biliyan 4.3 kacal. A watan Fabrairun 2011 hukumar IANA mai kula da rabon ta miƙa kason ƙarshe da ke hannunta ga hukumomin nahiyoyi, amma tun a shekarun 1990 injiniyoyi suka hango ƙarancin, suka fito da dabarar da ake kira NAT, wadda ke sa gida gaba ɗaya ya fita waje da adireshi ɗaya tak, su kuma na'urorin ciki a ba su lambobin cikin gida irin masu farawa da 192.168, waɗanda ba su da amfani a waje.

Aikin NAT ya yi kama da na mai gadin da ke zaune a zauren babban gida, wanda yakan riƙe sunan duk yaron da aka aika waje domin idan amsa ta dawo ya san ɗakin da zai kai ta, amma baƙon da ya zo ba tare da wani na ciki ya neme shi ba ba shi da hanyar wucewa. Tsarin ya dace da buɗe shafuka, tunda kullum na ciki ne ke fara nema, sai dai kiran waya mai shigowa daga waje yake tasowa, haka ma buƙatar maigidan da ke kan tafiya yana son buɗe ma'ajiyarsa daga wani gari.

Buƙatu biyu masu karo da juna

Wayar intanet, wadda ake taƙaitawa VoIP, hanya ce ta yayyanka murya zuwa ƙananan ƙunshin bayanai a aika su ta intanet maimakon layin tarho na da, ko dai ta tarhon tebur da aka ƙera domin haka, ko ta ƙaramar adafta irin ta Grandstream ko Cisco da ake jona wa tsohon tarho, ko ta manhaja. Abin da take ci kaɗan ne, domin kira ɗaya da tsarin G.711 ba ya kai kilobit 100 a sakan ta kowane ɓangare, amma ba ta da haƙurin jira. Wayar kan aika ƙunshi kimanin 50 a kowane sakan, kuma wanda ya iso a makare zubar da shi ake yi, domin lokacin furta kalmarsa ya riga ya wuce. Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta ba da shawarar kada jinkirin murya daga mai magana zuwa mai sauraro ya wuce kimanin milisakan 150, wato kashi 150 cikin dubu na sakan guda, domin idan ya zarce haka masu hira sukan fara katse juna.

Ita kuwa ma'ajiyar fayiloli, wadda ake kira NAS, akwati ne mai faifan ajiya ɗaya ko fiye da ake jona wa rauta domin duk mutanen gida ko ofis su riƙa ajiya da ɗauka a wuri guda, kuma daga cikin sanannun masu ƙera ta akwai Synology da QNAP na Taiwan da Western Digital na Amurka. Jinkirin rabin sakan bai dame ta ba, amma duk faɗin hanyar da ta samu sai ta cinye shi. Rautar da ba a yi mata saiti ba ba ta bambance ƙunshin murya da na bidiyon biki, duk a layi ɗaya take jera su.

Wuta da kebul kafin komai

Ƙa'idar da ƙwararrun masu gyara suke bi ita ce a fara daga ƙasa a yi sama, kuma a sauya abu ɗaya tak kafin kowane gwaji, domin wanda ya taɓa saiti biyar a lokaci guda ko matsalar ta tafi ba zai san abin da ya kore ta ba. Ƙasan kuwa ita ce wutar lantarki, wadda a ƙasashen da ake yawan ɗauke ta take da kaso babba a cikin laifin da ake ɗora wa sabis. Idan wuta ta dawo ko aka tayar da janareta, duk na'urorin kan tashi tare, amma rauta kan ɗauki minti ɗaya ko biyu kafin ta haɗu da kamfani, alhali adaftar waya ta riga ta tashi ta nemi rajista ta rasa, ta koma jira. Ƙaramin batirin ajiya mai bolt 12 da ke riƙe rauta a tsakanin ɗauke wuta da tayar da inji yana kawar da wannan baki ɗaya.

Cajar rauta da ta gaji ma kan sa ta riƙa mutuwa tana tashi da kanta idan aiki ya yi yawa, haka zafi, tunda yawancin rautocin gida an ƙera su ne su yi aiki a yanayin da bai wuce digiri 40 ba, ma'aunin da garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Yamai kan zarce a watannin bazara. Rautar da aka rufe cikin kabad, ko aka aza kan dikoda, ko ƙurar hunturu ta toshe mata ramukan shan iska, za ta riƙa nauyi da rana ta warware da dare.

Bayan wuta sai gwajin da ake kira ping, wato aika ɗan saƙo zuwa wani adireshi a auna lokacin dawowarsa. Akan jona kwamfuta da kebul a fara aikawa zuwa rautar kanta, wadda adireshinta yawanci 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1, kuma amsa ya kamata ta dawo cikin milisakan ɗaya ko biyu. Daga nan a gwada adireshin waje kamar 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare, sannan a gwada da sunan shafi. Idan lamba ta amsa amma suna ya ƙi, matsalar ta DNS ce, wato tsarin da ke mayar da sunaye lambobi, idan kuma aka ga adireshin kwamfutar ya fara da 169.254, alama ce cewa rautar ba ta ba ta adireshi ba sam, ita ce ta raɗa wa kanta.

Akwai lokutan da laifin na waje ne da gaske, kamar tsakiyar Maris 2024 da manyan kebul huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace, intanet ya yi rauni a Najeriya da Ghana da wasu ƙasashen Afirka ta Yamma. Ko a irin wannan rana ma'ajiyar gida ya kamata ta ci gaba da buɗuwa daga cikin gida, tunda hanyarta ba ta bi ta kamfani ba, don haka idan ita ma ta ɓace tare da intanet, a cikin gidan za a nemi dalili.

Katanga da maƙwabta

Wi-Fi na aiki ne galibi a zango biyu. Zangon 2.4 GHz ya fi nisa kuma ya fi ratsa katanga, amma cunkushe yake, domin tashoshi uku ne kawai a cikinsa ba sa hawa kan juna, wato 1 da 6 da 11, ga kuma Bluetooth da injin ɗumama abinci na lantarki da rautocin maƙwabta duk suna ciki. Zangon 5 GHz ya fi sauri da sarari, amma katangar bulo biyu ko rufin kankare mai rodi ya isa ya karya shi. Na'urar ƙara zango da ake sayarwa a matsayin magani kan rage saurin da kusan rabi idan da rediyo ɗaya take karɓa take kuma aikawa. Hukunci mafi inganci a nan shi ne duk abin da ba ya motsi, musamman ma'ajiya da tarhon tebur, a jona shi da kebul, a bar iska ga wayoyin hannu.

Waya na ƙara, murya babu

Kiran intanet hanyoyi biyu yake bi. Akwai tsarin SIP, mai kula da rajista da buga lamba da ƙarar waya, wanda yawanci ke amfani da ƙofa mai lamba 5060, akwai kuma RTP mai ɗauke da muryar kanta ta wasu ƙofofin daban. Ƙofa a nan lamba ce da ake maƙala wa adireshi domin a san manhajar da saƙo ya nufa. Saboda hanyoyin biyu ne, ɗaya na iya buɗewa ɗaya ta toshe, kuma wannan ne asalin matsalar nan da mutum ɗaya ke ji ɗayan ba ya ji. Wayar kan rubuta adireshinta na cikin gida a cikin saƙon SIP, ɗaya ɓangaren ya yi ta aika murya zuwa lambar da ba ta da ma'ana a waje.

Masu ƙera rauta sun yi ƙoƙarin magance wannan da wani saiti mai suna SIP ALG, wanda ke buɗe saƙon ya gyara adireshin kafin ya fita, amma a rautoci da yawa gyaran kan zama ɓarna, musamman idan kamfanin wayar ya riga ya tanadi tasa dabarar, har ta kai kamfanonin VoIP da dama shawarar farko da suke ba abokan cinikinsu ita ce a kashe shi. Masu ƙera na'urorin kuwa suna barinsa a kunne tun daga masana'anta, bisa hujjar cewa akwai tsofaffin tsare-tsaren da ba sa aiki sai da shi, mai gida ne ke shan wahalar wannan saɓani ba tare da ya san da shi ba.

Wata matsalar ita ce a iya kira amma kira ba ya shigowa. NAT ba ya riƙe bayanin hanyar da aka buɗe har abada, yakan goge shi bayan shiru na sakan 30 zuwa 'yan mintoci, kuma da zarar ya goge, kiran da ya zo ba shi da inda za a kai shi. Maganin shi ne a kunna saitin da ke sa wayar ta riƙa aika ɗan saƙon tuni a kai a kai, ko a rage tazarar sabunta rajista.

Lamarin kan ƙara dagulewa idan aka jona sabuwar rauta a bayan wadda kamfani ya bayar, domin an samu NAT biyu a jere, da masu raba adireshi biyu, har wayar hannu ta kasance a wani ɓangare ma'ajiya a wani, ba sa ganin juna. Akan warware wannan ta hanyar mayar da ta kamfanin gada kawai, wato ta riƙa miƙa intanet ba tare da raba adireshi ba, ko mayar da ta biyun mai watsa Wi-Fi zalla. Sai dai akwai NAT na uku da mai gida ba shi da iko a kansa, wato CGNAT, inda kamfanin sadarwa ke haɗa masu saye da yawa kan adireshi ɗaya. Wannan shi ne abin da aka saba a layukan sim na 4G da 5G, haka ma a tsarin gida na Starlink da ya fara aiki a Najeriya a farkon 2023. Ana gane CGNAT idan adireshin wajen da rauta ke nunawa ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, ko ya bambanta da wanda shafukan duba adireshi ke nunawa, kuma a irin wannan layi buɗe ƙofa a rautar gida aikin banza ne. WhatsApp da makamantansa ba su cika jin wannan ba domin idan hanya kai tsaye ta gagara sukan bi da muryar ta manyan kwamfutocinsu.

Tsinkewar murya lokacin da ake ɗora fayiloli kuwa tana da nata dalili, wanda injiniya Jim Gettys ya ja hankalin duniya kansa a 2010. Na'urori da yawa suna da ma'ajiyar jira mai girman da ya wuce kima, kuma idan hanyar fita ta cika, maimakon su sa mai aikawa ya rage gudu sai su yi ta tara ƙunshi, jinkiri ya tashi daga milisakan 40 zuwa ɗaruruwa. Saitin QoS, ko wanda ya fi shi inganci mai suna SQM da ake samu a manhajar OpenWrt da wasu rautoci, yakan kayyade gudun ɗan ƙasa da ƙarfin layi, kimanin kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari, ya ba ƙananan ƙunshi damar wucewa. A layin sim, inda ƙarfin ke hawa da sauka tsakanin safiya da maraice, kayyadewar ta fi wuya, kuma mayar da ɗora manyan fayiloli zuwa tsakar dare ya fi sauƙi.

Ma'ajiyar da ta ɓace

Tsarin DHCP, wanda ke raba adireshin cikin gida, haya yake bayarwa ta ɗan lokaci, saboda haka ma'ajiyar da ke 192.168.1.20 jiya tana iya tashi da wata lamba bayan an ɗauke wuta, kwamfuta kuma ta ci gaba da neman tsohuwar. Keɓe mata lamba ta dindindin a shafin saitin rauta aiki ne na minti biyu, kuma haka ya kamata a yi wa adaftar waya. Haka nan wanda ya shiga ta Wi-Fi ɗin baƙi ba zai ga ma'ajiya ba, domin an tsara shi ne da gangan ya raba baƙo da kayan gida.

Tsofaffin ma'ajiyoyi suna da tasu matsalar da tsarin raba fayiloli na SMB. Sigarsa ta farko ce cutar kwamfuta ta WannaCry ta bi a watan Mayun 2017 ta gurgunta dubban kwamfutoci, har da na asibitocin Birtaniya, kuma daga ƙarshen wannan shekara Microsoft ya daina kunna ta a sababbin Windows 10. Ma'ajiyar da ba ta jin komai sai SMB1 za ta ƙi buɗuwa, wasu masu gyara kuma sukan sake kunna tsohuwar sigar domin aiki ya tafi, abin da bai kamata a amince da shi ba matuƙar ma'ajiyar na iya karɓar sabuntawa.

Game da nauyi, da yawa daga cikin ƙorafin rashin fahimtar ma'auni ne, domin saurin layi da bit ake auna shi, girman fayil kuma da bayit, kuma bit takwas ne ke yin bayit ɗaya. Ramin gigabit kan ba da kimanin megabayit 110 a sakan, mai megabit 100 kuma bai wuce 11 ko 12 ba. Gigabit na buƙatar duk zaruruwa takwas da ke cikin kebul, saboda haka zare ɗaya da ya tsinke a bakin kan kebul ya isa ya mayar da haɗin zuwa megabit 100 ba tare da wani gargaɗi ba. Ɗauke wuta ana tsakiyar rubutu kuma na iya lalata fayiloli, kuma faifai biyu masu kwafin juna suna kare mutum ne daga mutuwar faifai ɗaya kawai, ba sa dawo da abin da aka goge ko aka kulle.

Sauƙi da tsaro

Inda ra'ayoyi suka fi rabuwa shi ne batun shiga ma'ajiya daga waje. Mai gyara da ke son ya gama ya tafi yakan buɗe ƙofa, ko ya kunna UPnP wanda ke ba na'urori damar buɗe wa kansu, ko ya sa ma'ajiyar a DMZ, wato ya cire mata duk wani shinge, abokin ciniki kuma ya gamsu tunda aiki ya yi. Masana tsaro suna ganin wannan ganganci ne, kuma abubuwan da suka faru sun ba su gaskiya. A watan Yunin 2021 masu ma'ajiyar My Book Live ta Western Digital, wadda rabonta da sabuntawa tun 2015, sun wayi gari an goge musu fayiloli daga nesa, a Janairun 2022 kuma manhajar neman fansa ta Deadbolt ta kulle dubban ma'ajiyoyin QNAP da ke buɗe ga intanet. Kafin nan, a 2016, Mirai ta mamaye kyamarori da rautoci masu yawa ta hanyar gwada kalmomin sirrin da suka zo da su daga masana'anta.

Hanyar da ta fi aminci ita ce VPN, wato rufaffiyar hanya tsakanin wayar mai tafiya da gidansa, irin WireGuard, ko Tailscale da aka gina a kansa wanda ke aiki ko a bayan CGNAT. Kamfanonin sadarwa kuwa sukan kulle wasu saituna a rautocin da suke bayarwa domin rage kiran neman taimako, abin da ke kare mai ƙarancin sani amma ya ɗaure hannun mai wayar intanet, wanda wani lokaci ko maɓallin kashe SIP ALG ba zai samu ba.

Ɗan ramin nan na baya da ake dannawa da tsinke yana mayar da rauta yadda ta fito daga masana'anta, ya tafi da adireshin da aka keɓe da saitin waya da kalmar sirri gaba ɗaya, shi ya sa yake zuwa a ƙarshen jerin gwaje-gwaje, bayan an sauke kwafin saitin an adana. Sayen sabuwar rauta yana da hujja idan masu ƙera tsohuwar sun daina fitar mata da sabuntawa, ko ramukanta ba su wuce megabit 100 ba, ko ba ta da tsarin kariya na WPA2 ko WPA3, ko kuma an gwada ta da wata caja a wuri mai iska ta ci gaba da mutuwa da kanta.